Abin da Gogewa Ke Ci

Wayata ta cika, ta ƙi karɓar ko hoton jika.
Yaron shago a Kakuri ya juya ta a tafin hannu,
ya ce, "Baba, sai an goge wani abu."
Abin da ke ciki kuwa muryar Uwani ce,
saƙo ɗari biyu da sha huɗu:
"ka biya ka sayo kanwa,"
"an kawo wuta, na jona ruwa,"
da wata doguwar dariya da ta manta ba ta katse ba.
Damina uku ke nan da muka kai ta makwanci.

Na tarar da Rumasa'u a tsakar gida da takardunta,
ita da ke karatun abubuwan da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta.
Na ce, "In na danna, ina muryar za ta?"
Ta ajiye biro, ta ja hannuna zuwa bayan firji.
"Ka ji ɗumi?
Sanyin da ke ciki, nan ake biyan kuɗinsa.
Haka gogewa take.
Duk i ko a'a ɗaya da na'ura ta shafe
sai ta fitar da zafi, ɗan mitsitsi,
amma akwai farashin da ba a ragi a kansa
ko wane gwani ya ƙera ta.
Mantuwa ba kyauta ba ce."

Shekara ashirin da shida na yi a masaƙa
kafin a sa wa ƙofar kwaɗo.
Na ce, "In saƙa ta ɓaci, hanya biyu ce.
Ko ka warware, zare bayan zare,
ka koma baya ba ka yi asarar komai ba,
ko ka sa almakashi,
buragutsai su cika ƙasa, mai shara ya sha wuya."
Ta yi tafi ɗaya. "To ƙananan nan masu warwara ne.
A dokarsu babu abin da ke ɓata,
watsewa kawai yake yi inda hannu ba ya kaiwa.
Allo ya yi fari, ruwan wankin ya yi baƙi."

Hadari ya taso daga wajen kogi.
Muka kwashe shanya, muka koma zaure.
Can ta ce, ba ta dube ni ba,
"Akwai ƙwayoyi biyu da kan sarƙe,
ba a ba da labarin ɗaya sai da ɗayar.
In abokiyar na hannunka,
kana iya goge ɗayar ba zafi,
har wurin ma ya ɗan yi sanyi."
Na ce, "Ashe akwai banza."
Ta ce, "Babu. Sarƙewar ce kuɗin.
Ita ake kashewa. Bayan nan ba su san juna ba."

Ban ce komai ba.
Ruwa na dukan kwano kamar injinan da na sani.

Da dare na zauna bakin gado.
Saƙon kanwa har guda shida ne,
na zaɓi wanda babur ya danne muryarta a ciki,
na danna.
Na ɗora babban yatsa a bayan wayar ina jira.
Ban ji komai ba.
Yarinyar ta ce ya fi ƙarfin fata ƙanƙanta,
amma yana nan cikin ɗakin,
tsakanin labule da darduma,
ya gauraya da numfashina.

Sanyin nan da ta faɗa, ba na so.
A bar ni da tsadar.

Hoton jikan ya shigo wajen asuba.
Goshinta ne da shi.